Keken da Ke Jingine a Zaure

Ƙannena da 'ya'yana na Madadi da kewayenta, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ga gara in fitar da ita. Kwanakin baya na je gaishe da wani yayana, na tarar da keke jingine a zaure, tayoyinsa duka biyu sun kwanta, sarƙa ta yi ja da tsatsa, kaji sun mai da kariyarsa makwanci. Na san keken nan sarai. Fonis ne. Maigidan ya yi shekara da shekaru yana ɗaure masa rake yana kai wa kasuwa, da kuɗin raken nan aka yi wa 'ya'yansa mata biyu kayan ɗaki. Na kira ɗan autansa, saurayi ɗan shekara 17, na tambaye shi me ya hana shi gyara keken ya riƙa zuwa makaranta, maimakon kullum a ƙirgo masa kuɗin acaɓa daga aljihun tsoho. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baffa, dariya za a yi mini."

Ban yi masa faɗa ba, domin gaskiya ya faɗa. Za a yi masa dariyar. Na sha jin samari a majalisa suna jifan mai keke da kalaman raini, na kuma san yarinyar da ta ƙi fitowa zance don saurayin a kan keke ya zo. Abin da ya dame ni shi ne daga ina wannan kunya ta shigo mana, kuma nawa take ci daga aljihunmu da jikinmu.

Mu da muka yi wayo a shekarun 1970 mun riski zamanin da keke yake abin alfahari. Manomi ya sayar da gyaɗarsa ko audugarsa, burinsa na farko ya shiga Kano ya dawo da sabon Rale, wato Raleigh, wanda asalinsa ƙirar birnin Nottingham ne na Ingila, har daga baya kamfanin ya kafa masana'antar harhaɗa shi a nan Kano. Ranar da sabon keke ya shigo gari, yara kan biyo shi da gudu tun daga bakin kasuwa. Mai shi zai naɗe sandunan da leda mai launi don kada fenti ya goge, ya sa madubi biyu, ya sa ƙararrawa, ya ɗaura dainamo a gefen taya saboda fitilar dare. Malamin makaranta a kan keke yake zuwa aji, malamin gona a kansa yake zagaya ƙauyuka, haka duba-gari. Iyayenmu sun ba mu labarin lokacin da ake yankar wa keke lasisi a hannun En'e, kamar yadda ake yi wa mota yanzu. Mu yara kuwa keken haya ne rabonmu. Ka tara 'yan kwabbanka ka kai wa mai haya, ya duba agogo ya ba ka. Ƙafarka ba ta kai feda daga kan sirdi, sai ka zura ta ta ƙarƙashin sanda, ka karkace, kana tafe kana tangaɗi. Ban san sa'ana ko ɗaya da ba shi da tabon wannan makaranta a gwiwa ba.

Sai kuɗin Udoji suka zo wa ma'aikata a 1975, babura suka fara yawa, Honda da Vespa da Suzuki. Bayan shekara ta 2000 kuma baburan Sin da na Indiya masu araha suka cika ƙasa, acaɓa ta shiga kowane lungu. Ba na zagin babur. Ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ya ciyar da gidaje da yawa a garin nan, har da gidajen 'yan'uwana. Illar da ya zo da ita a cikin zukata take: tun da ya iso, aka fara auna darajar mutum da ƙarar injin da ke ƙarƙashinsa, duk wanda yake taka feda aka ɗauke shi wanda bai samu ba.

To ku ji yadda abin yake a wuraren da mota ba ta zama abin mamaki ba.

A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, ƙasar da ake ƙera Hyundai da Kia, kogin Han ya raba gari biyu, kuma a kowace gaɓa an shimfiɗa siririyar kwalta wadda mota ba ta hawa. Mutum ya tashi daga aiki, ya hau kekensa ya bi wannan gaɓa, ya haye gada, ya dawo ta ɗaya gaɓar, ya yi zagaye ya koma gida. A 2012 suka haɗe irin waɗannan hanyoyi, har ya zama za ka iya tashi daga Incheon a arewa maso yamma ka bi gefen koguna kilomita 633 zuwa Busan a kudu. A Turai ma akwai irinta a gefen kogin Danube, daga Passau ta Jamus zuwa Viyana ta Ostiriya, sama da kilomita 300, kuma wani sashe nata tsohuwar hanya ce da dawakai ke bi suna jan jiragen ruwa da igiya. Waɗanda ke hawa keke a waɗannan wurare, da yawansu sun bar mota ajiye a gida. Likitoci ne, injiniyoyi ne, tsofaffi ne da jikokinsu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙasar Holan, domin su ma sun taɓa juya wa keke baya kamar yadda muke yi yanzu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu arziki ya zo musu, kowa ya sayi mota, aka rushe unguwanni ana faɗaɗa tituna. A 1971 kaɗai mutum sama da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara ƙanana. Iyaye suka fito kan titi suna kiran a daina kashe musu 'ya'ya. Ana cikin haka sai rikicin man fetur na 1973 ya auko, ƙasashen Larabawa suka hana su mai, har gwamnati ta haramta fitar da mota ranakun Lahadi na wani lokaci. Daga nan tunaninsu ya juya. Yau suna da hanyoyin keke kimanin kilomita 35,000, kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, kuma Mark Rutte, wanda ya yi firaminista daga 2010 zuwa 2024, ya sha zuwa ofis a kan keke. Ku lura, ba talauci ne ya mai da su kan sirdi ba. Gawawwakin 'ya'yansu da tsadar mai ne suka koya musu.

Tsadar man kuwa mu ma ta iso mu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Wanda ya shiga Kano a watannin da suka biyo baya ya ga magidanta da ma'aikata sun kakkaɓe tsofaffin kekuna sun dawo da su titi. Kai ɗalibi, ɗauki biro ka lissafa abin da ake kashewa a kanka na acaɓa, zuwa da dawowa, kwana 5 a mako, zango 3 a shekara. Ka je ka tambayi kuɗin keken gwanjo mai lafiya. Ba ni zan gaya maka amsar ba, kai za ka gani. Mai tafiya a ƙafa yakan ci kilomita 5 a awa, mai keke ba tare da ya wahalar da kansa ba yakan ci 15. Wannan bambancin shi ne tsakanin yaron da ya iso aji a jigace bayan an gama darasin farko, da wanda ya iso da sauran ƙarfinsa.

Akwai kuma lafiyar jiki. A da, ciwon suga da hawan jini muna jin labarinsu ne a wurin attajiran birni. Yanzu ku je babban asibitin Gwarzo ku ga masu zuwa awo, za ku ga 'yan shekara 40 a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wanda yake noma da hannunsa ya wuce wannan tun kafin hantsi. Amma da yawanku yanzu ba kwa noma, daga kan benci sai kan babur, daga babur sai tabarma da waya a hannu. Jikin nan amana ne, za a tambaye mu yadda muka riƙe shi.

Yanzu bari in zo inda maganar ta fi nauyi. Mu ba mu da irin waccan hanya ta bakin kogi. Kogunanmu na damina ne, da rani yashi, da Agusta ambaliya. Challawa, wadda aka datse a ƙasar Ƙaraye aka gama madatsar a 1992, ta bi ta kudancin Kano ta wuce, ba kwaltar mai keke ko taku ɗaya a gaɓarta. Jakara da ta ratsa tsakiyar birni ta zama magudanar ƙazanta, aikin da aka tsara mata shi ne a rufe ta a ɗora titin mota a kai, wanda ake kira Wuju-Wuju. Kwaltar da muke da ita ita ce wadda ta taso daga Kabuga, ta wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo ta iso Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, sannan ta miƙe Dayi ta shiga jihar Katsina. A kanta tirela take, a kanta tifar yashi take, da motocin haya masu rige-rigen fasinja, da shanu, da kai. Saboda haka idan na ce ku hau keke na yi shiru a nan, na cuce ku.

Ina koyarwa a wata firamare shekarun baya, ina da ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda duk lissafin da na rubuta a allo kafin in juyo ya gama. Wata ranar kasuwa ya hau keken babansa, ya tarar da tifa tana hawan tudu a hankali, ya kama ƙarfen bayanta don ta ja shi, kamar yadda ya ga manyansa suna yi. Direban bai san da shi ba. Ya kauce wa rami, yaron ya shige ƙarƙashi. Ni na je na gaya wa mahaifiyarsa. Shekaru sun wuce 20, har yau idan na ga yaro maƙale da bayan mota sai cikina ya ɗuri ruwa. Don Allah, don Annabi, kada ɗayanku ya kama bayan mota, komai tsayin tudu. Idan ƙafa ta gaza, sauka ka tura. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Ku san cewa direban babbar mota ba ya ganin abin da ke dab da gefensa, ko da yana da madubi. Wuri mafi haɗari shi ne tsakaninsa da bakin titi lokacin da zai sha kwana, domin tayoyin baya suna yanko hanya fiye da na gaba, su matse duk abin da ke wurin. Idan ka ga tirela ta rage gudu a mararraba, tsaya a bayanta, kada ka kutsa ta gefe. Idan kuma ta taho da gudu za ta wuce ka, ka riƙe kan keke da hannu biyu, domin iskarta takan fara ture ka waje, sannan ta zuƙo ka ciki. Inda titi ya matse ko gefensa ya zaizaye, ba ragwanta ba ce ka sauka ƙasa ka bar ta ta wuce.

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, ina tuna yadda ake ta shela a rediyo. Dokar nan ta shafi mai keke. Na ga yawancinku kun fi son ku bi hannun da motoci ke tahowa, wai don ku riƙa ganinsu. Wannan dabarar mai tafiya a ƙafa ce, ba ta mai keke ba. Idan kuna fuskantar juna, gudunka da nasa haɗuwa suke yi, lokacin kaucewa ya ragu, karon ya yi muni. Sannan direban da zai fito daga lungu ya hau titi, ɓangaren da motoci ke zuwa yake kallo, ba ya tsammanin wani abu daga ɗaya hannun. Ka bi damanka, ka miƙe sak, kada ka riƙa lanƙwasa kamar maciji. Za ka juya, waiga tukuna, ka miƙa hannu a ga nufinka. Abin sauraren waƙa kuma a cire shi daga kunne. A titin Gwarzo kunnenka shi ne madubinka na biyu, da shi kake sanin abin da ya taho, babba ne ko ƙarami, tun bai iso ba.

Tsakanin magariba da isha nan ne aka fi kwasar mutane. Ƙura ta tashi, hasken rana ya tafi, direba ya gaji, wani ma fitilarsa ɗaya. Kai kana ganinsa tun daga nesa, sai ka ɗauka shi ma yana ganinka, alhali baƙar riga a kan baƙin keke a kan baƙar kwalta ba ta da maraba da duhu. Yanzu fitilar caji ta yi araha. Ka ɗaura fara a gaba, ja a baya, ka sa tufa mai haske. Gara ma dai ka tsara tafiyarka yadda kiran sallar magariba zai same ka a gida, musamman a wannan zamani da tsaron hanyoyin yamma da mu ba kamar da ba. Hular kwano kuma, na san za a ce ka cika iyayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Ku ne ke nan. Ƙafa ta karye, mai ɗori zai ɗora. Kai ba shi da mai ɗori.

Keken kansa yana da haƙƙi a kanka, kuma ba mai tsada ba ne. Yawancin waɗanda suke cewa keke na sa ciwon gwiwa, sirdinsu ne ya yi ƙasa. Zauna a kai, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai, tsayin ya yi daidai, sai ka koma takawa da tudun tafin ƙafa na gaba. Taya ta sha iska sosai, domin taya mai laushi tana cin ƙarfinka, tana kuma tsinke tif idan ka daki bakin rami. Da hunturu ƙura ke cinye sarƙa. Kada ka yi mata wanka da baƙin mai, domin shi ke kama yashi ya zama kamar dutsen niƙa. Goge ta da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan, ka juya feda, ka sake gogewa. Birki biyu aka yi wa keke, dukansu su kasance suna ci. Na gaba ya fi ƙarfin tsayarwa, shi ya sa ba a damƙe shi farat ɗaya a gangara ko a kan yashi. A matsa su tare, a hankali. Keken da ake tsayar da shi da silifas bai cancanci hawa kwalta ba. Mai doguwar riga ya tattare ta ya zauna a kai, mai wando ya naɗe ƙafar dama, kada sarƙa ta cafke.

Ka koyi yin faci da hannunka. Famfo, sifana, ɗan guntun tif, sholisho, ba su fi ƙaramar jaka ba. A hanyoyin gonakinmu tsidau ba ya raga wa kowa, kuma ba a kowane ƙauye za ka sami mai faci ba. Tunda na ambaci sholisho, bari in faɗa da babbar murya: an yi shi don roba. Na ga yaran da suka mai da shi abin shaƙa, na ga yadda suka ƙare, ba na fatan haka ga ɗan kowa.

Wane irin keke za ka saya? Masu siririyar taya da lanƙwasasshen kai, waɗanda ake tsere da su, an yi su don kwalta mai santsi. A burji da yashi wahala za su ba ka. Idan hanyarka rabi kwalta ce rabi burji, kamar yawancin namu, nemi mai matsakaiciyar taya, in da hali mai giya saboda tudu. Idan kuwa kaya za ka ɗauka, har gobe ba a yi kamar tsohon Fonis da Rale ba, kuma kayan gyaransu suna nan a kowace kasuwa.

Zagayen da mutanen Seoul suke yi a bakin kogi, ku ma za ku iya tsara naku. Ba sai an yi muku ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, bayan sallar asuba, lokacin da gari ya fara wayewa, iska na da sanyi, manyan motoci ba su yawaita ba. Ku fita ta wata hanya ku dawo ta wata, kada ku maimaita. A makon farko awa ɗaya ta isa. Idan iska na kaɗawa, ku fara da fuskantarta tun kuna da ƙarfi, ta turo ku a hanyar dawowa. A kan kwalta ku jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya riƙa nuna rami da hannu, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Sannu a hankali za ku ga Getso ta matso kusa, Kutama da Lakwaya sun zama maƙwabta, wata rana ku ce yau sai Kabo, wata rana sai bakin ruwan Ƙaraye. Wanda ya sami zuwa wajen Kura da Kadawa, inda ruwan Tiga ke bin kanal yana shayar da shinkafa da tumatir, ya gwada bin hanyar gefen kanal da sassafe. Burji ce ba kwalta ba, amma cikin hanyoyin da na taɓa takawa a ƙasar Kano ita ce mafi kusa da waccan ta bakin kogi: ruwa a hannu ɗaya, kore shar a ɗaya hannun, balbelu suna tashi a gabanka.

Ku ɗauki ruwa, ku sha tun ƙishi bai kama ku ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, duk wanda hantsi ya yi masa a hanya ya nemi inuwa. Da azumi a taƙaita. Kuma idan kun isa bakin dam jiki ya yi zafi, kada ruwan ya ruɗe ku. Gaɓar dam tana da zurfin ba-zata da laka mai riƙe ƙafa, kusan kowace shekara sai an yi jana'izar samarin da suka shiga wanka a madatsun jihar nan. Ruwan da ke kwance kuma shi ne gidan tsargiya. Ku wanke fuska da ruwan gorarku, ku zauna ku kalla.

'Yan mata, ban manta da ku ba. Na san al'adarmu, na san ba kowane gida zai yarda ba, kuma ba na cewa wata ta saɓa wa iyayenta. Da iyayen nake magana. A jihar Bihar ta Indiya, ƙasar manoma matalauta masu kishin 'ya'yansu mata kamar mu, gwamnati ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke a 2006. Masu bincike da suka bi diddigin shirin sun tarar cewa shigar 'yan mata sakandare ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, musamman a ƙauyukan da makaranta ke da nisa. Mu nan yarinya nawa ta tsaya a aji shida don kawai sakandare ta yi nisa? Akwai keke marar sanda wanda ake hawa da zane da hijabi ba tare da an keta sutura ba, illa a tattare bakin hijabin kada ya shiga wili. A ganina, yarinyar da ta tafi makaranta a kan kekenta cikin ayarin ƙawayenta ta fi tsira da mutuncinta a kan wadda ake ɗorawa bayan baƙon ɗan acaɓa kullum.

Wanda kuma Allah ya ba ƙafa da numfashi, ya san cewa wannan abu sana'a ce a duniya. Biniam Girmay, ɗan Eritiriya haifaffen shekara ta 2000, ya ci zango 3 a gasar Tour de France ta 2024, ya kuma tafi da koriyar riga, baƙar fata na farko da ya yi haka a gasar da aka fara tun 1903. Mutanen Burkina Faso suna shirya tasu gasar, Tour du Faso, tun 1987. A Satumban 2025 aka yi gasar duniya ta tseren keke na kan titi a Kigali, karo na farko a Afirka. A Olamfik ta Faris a 2024 mace ce, Ese Ukpeseraye, ta fara wakiltar Najeriya a wannan fanni. Idan na ga samarinmu suna hawo tudu da buhun masara biyu a kariya, nakan ce a raina, ƙarfin yana nan, ba a dai taɓa auna shi da agogo ba.

Wata rana a cikinku za a sami kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da injiniyan da za a ba zanen titi. Ina roƙon wanda ya kai can ya tuna da mai keke. Kafaɗar titi mai faɗin taku uku, a shafe ta da kwalta, a raba ta da hanyar mota, ba ta kai kuɗin gadar sama ɗaya ba. Wanda bai taɓa jin iskar tirela a kafaɗarsa ba, ba zai tuna ya zana ta ba, shi ya sa nake so ku hau tun yanzu.

Shi kuwa ɗan yayana, ban sake yi masa maganar ba. Na turo keken da kaina na kai wa mai gyara, aka sa sabuwar sarƙa da tif biyu da robar birki, aka zuba wa boris giris. Abin da na biya bai kai kuɗin acaɓarsa na mako uku ba. Ranar Asabar bayan asuba na tsaya a ƙofar gidansu a kan nawa, na yi sallama, na ce ya zo ya raka ni duba wata gona. Ya fito yana waige-waige ko akwai mai ganinsa. Muka bi ta bayan gari, dawa ta fara fitar da kai, raɓa na jiƙa mana ƙafar wando. Tun ina gaba har ya wuce ni, ya riƙa jirana a kan kowane tudu. Da muka dawo ta ɗaya hanyar, abokansa na zaune a wurin mai shayi. Na ga ya ɗan rage gudu, sannan ya danna ƙararrawa ya yi musu sallama ya wuce. A ƙofar gida ya sauka yana haki, ya tsuguna yana juya feda da hannu, ya ce, "Baffa, akwai wata 'yar ƙara a wilin baya, ko sifanarka na kusa?"